Kujerar Gaba

Gumel, 12 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sumayya da yaran. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna kowace asuba. Innarka Rakiyya tana gaishe ka. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka a waya, don ka san ni da saƙon murya ba ma shiri. Maganar da ba a rubuta ba iska ce.

Albishirinka. Kujerarmu ta Hajjin bana ta tabbata, ni da Innarka. Shekara tara ke nan tana jiran wannan rana, kuma ta rantse ba za ta taka jirgi ba sai tare da ni. An ce daga Dutse za mu tashi cikin watan Mayu, in Allah ya kai mu.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da labarin ƙasa, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar zuwa nan Gumel. Na zana wa yara hanyoyin jirgi a allo har alli ya ƙare, amma ni ban taɓa shiga ko da ƙofarsa ba. Lokacin da ka zo bikin ƙanwarka na gan ka gaban kwamfuta kana tuƙa jirgi da wata sanda, ka ce mini manhajar iri-iri ce. Tunda gyaran jirgi ne sana'arka, ka faɗa mini wacce ta fi kama da gaske. Ba na son wadda aka yi don rarrashin yara. So nake in ga ɗakin matuƙi da idona, in san abin da yake yi tun daga tashi har sauka, musamman idan tafiya ta yi tsawo hanya ta miƙe. Kada ka ɓoye mini komai.

Kawunka,
Manu

Legas, 18 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi murna ƙwarai. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada. Sumayya da yara lafiya, suna gaishe ku. A ci gaba da shafa wa gwiwar man zafi.

Kawu, ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Guda uku na sani sosai. Sunayensu na Turanci masu karya harshe ne, bari in kira kowane da halinsa.

Na farko Mai Kwalliya. Ƙasar da ke cikinsa hoton tauraron ɗan'adam ce, har titin Gumel zuwa Maigatari za ka bi da ido. Matsalarsa, ta intanet yake jawo hoton kana cikin tafiya. Data yake sha kamar raƙumi ya samu rijiya, kuma da sabis ya yi rauni sai gari ya narke ya koma fate.

Na biyu Ɗan Gaske. Ba shi da kyan gani sosai, amma nauyin jirgi da yadda iska ke bugun fiffike sun fi kama da abin da matuƙanmu ke faɗa. In ka ɗaga hancin jirgi fiye da kima zai faɗo da kai, ba ya jin kunyar kowa. Komai nasa yana cikin kwamfuta, ba ruwansa da sabis.

Na uku kyauta ne, mu ce masa Sadaka. Masu sha'awa ne suka haɗa shi. Yana aiki, amma sai an yi ta ɗaure-ɗaure, kuma na san Kawu ba shi da wannan haƙurin.

Sai maganar ƙari. Kowannensu a yadda ya zo tuwo ne ba miya. Daga baya ake ƙara masa jirage, da filayen sauka, da yanayin sama, da sauransu.

Na sa maka biyun farko a tsohuwar kwamfutata, na haɗa da sandar tuƙi, na ba Cindo direban motar shanu. Ranar Laraba zai iso Maigatari, zai tsaya maka a Gumel. Da rana solarku za ta ɗauke ta. Amma fa Kawu, a jirgi babu kujerar gaba kusa da direba irin wadda kake kamawa a tasha. Wannan karon surutun naka sai dai Inna ta sha shi.

Ɗanka,
Abdulƙahhar

Gumel, 9 ga Fabrairu

Ɗana Abdulƙahhar,

Bayan gaisuwa, kaya sun iso lafiya, sai ɗan warin shanu da kwalin ya kwaso. Allah ya yi maka albarka. Gwiwa da sauƙi. Mun fara zuwa bita ni da Innarka, ita har ta haddace addu'o'in ɗawafi tana yi mini gori.

Mako uku na yi a kansu, ga sakamakon jarrabawa.

Mai Kwalliya ya burge ni da farko. Na bi titi har Maigatari, na gane filin kasuwar shanu, na ga inda hanyar Gagarawa ta rabu. Innarka ta leƙo ta yi ta salati. Amma da na sauko ƙasa-ƙasa sai asirinsa ya tonu. Ya cika mana gonaki da itatuwan ƙasar sanyi masu tsini, babu kuka ko ɗaya, babu gawo. Makarantar da na yi shekara shida a cikinta a Sule Tankarkar ya mai da ita bene mai hawa huɗu. Wanda ya yi mini ƙarya a kan garinmu, yaya zan yarda da shi a kan sama?

Ɗan Gaske kuwa Gumel ɗin ma ɗigo ce a wajensa, amma ina jin jirgin a hannuna. Na tashi sau bakwai, na sauka lafiya sau biyu. Sauran biyar ɗin kada ka tambaya. Shi na ba maki mafi yawa, don bai yi mini kara ba.

Abin da na lura, da jirgi ya daidaita a sama babu sauran aiki. Mutum yana zaune shi kaɗai, inji na gunji, gaba fari fat, awa bayan awa. Na daɗe ina kallon wannan. Ka ce ana yin ƙari. Shin akwai wanda ke nuna abin da ke faruwa idan abu ya lalace, ko idan shi matuƙin ne ya gaza? Shi nake so.

Maganar kujerar gaba na gani. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Kawunka,
Manu

Legas, 15 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa abokan aikina hukuncinka a kan benen Sule Tankarkar, sun yi dariya har da riƙe ciki. Sun ce wannan dattijo ya fi wasu ɗaliban tuƙi ido.

Na cika maka filash, Cindo zai kawo. Akwai ƙarin itatuwan ƙasarmu don Mai Kwalliya, za ka ga kuka da gawo har da giginya, amma benen sai haƙuri. Akwai filin jirgin Dutse, wannan ni na zana shi da hannuna a ranakun hutu, don ka saba da inda za ku tashi. Sai wanda ka nema, ƙarin matsaloli don Ɗan Gaske: mutuwar inji, gobara, taya ta ƙi fitowa, guguwa. Shi ne mafi kyau da na sani, ko ƙarar ƙararrawar irin ta gaske ce. Na riga na saita maka shi, kunnawa kawai za ka yi. Akwai wasu tarkacen a ciki, ba sai ka damu da su ba.

Ɗanka,
Abdulƙahhar

Gumel, 1 ga Maris

Abdulƙahhar,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Filash ya iso. Kukokin sun yi kyau, filin Dutse ma ka yi ƙoƙari.

Na tashi daga Dutse sau goma sha ɗaya. Inji ya mutu sau huɗu, wuta ta kama sau biyu, taya ta ƙi fitowa sau uku, sauran guguwa ce. Babu tafiya ɗaya da ta ƙare ba tare da ƙararrawa ba. Duk wannan a kan mutum ɗaya.

Na gode da ba ka ɓoye mini ba. Yanzu na san abin da ake ciki. Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Manu

Legas, 4 ga Maris

Kawu,

Barka da shan ruwa. Sau goma sha ɗaya a mako biyu! Wallahi ka fi ni naci. In ka ci gaba haka, kafin Mayu kai za ka kai alhazan Jigawa da kanka. Idan inji ɗaya ya mutu, kada ka yi saurin juyawa, ka fara daidaita jirgin tukuna. Ka gwada ka ba ni labari.

Ɗanka,
Abdulƙahhar

Legas, 2 ga Afrilu

Kawu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Wata guda ke nan ban ga takardarka ba. Ranar Sallah da na kira, gaisuwa kawai muka yi ka miƙa wa Inna wayar. Ko kwamfutar ce ta lalace? Ko gwiwar ce? In wani laifi na yi, a faɗa mini.

Ɗanka,
Abdulƙahhar

Gumel, 4 ga Afrilu

Ɗana Abdulƙahhar,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Sumayya da jikokina. Innarka ce Rakiyya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ba irin na Malam ba ne. Na faɗa masa zan rubuto maka, ya ce in yi abin da na ga dama.

Kwamfuta lafiyarta ƙalau, tana nan ya lulluɓe ta da tsohon zanena. Malam ne ba lafiya ba, kuma ba gwiwa ba ce. Tun farkon azumi ya daina zuwa bita. Ya rubuta takardar janyewa daga tafiyar, tana aljihun babbar rigarsa, ya ce ranar Litinin zai kai ofishin alhazai. Wai ni in bi ƙanena mu tafi. Na ce masa shekara arba'in da uku muna cin tuwo a gida ɗaya, ba zan je gaban Ka'aba in bar shi a Gumel yana gadin awaki ba. In ya fasa, na fasa. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina kuka idan ba ya nan.

Ka san kawunka Dogo, ɗan'uwan Malam, wan mahaifiyarka, hatsarin mota ne ajalinsa. Yadda aka yi ne ba ka sani ba, don Malam ni kaɗai ya taɓa faɗa wa. Wata Alhamis ce, shekara arba'in da ɗaya ke nan, shi da Dogo suna dawowa daga kasuwar Maigatari a bayan a-kori-kura. Rana tsaka, hanya a miƙe, babu rami babu kwana. Malam yana hango direban ta gilashin baya, ya ga kan mutumin yana sunkuyawa don gyangyaɗi. Ya yi ta dukan rufin motar yana ihu, mutumin bai ji ba. Dogo ko asibiti bai kai ba.

Tun daga ranar bai sake zama a bayan mota ba. Kuna yi masa dariya yana zuwa tasha tun da sassafe don ya kama kujerar gaba, da goro a aljihu, yana damun direbobi da tambayar iyalansu da farashin gero. Ba son hira ba ne, ɗana. Gadi yake yi. Ko zuwa Kano ne, idonsa ba ya barin fuskar direba har a sauka.

Ba tuƙin jirgi yake son koya ba. So yake ya san wa ke kallon matuƙi idan an rufe ƙofa. Ya tambaye ka har sau biyu, da irin tambayarsu ta maza da ba sa iya cewa suna tsoro. Kai kuma ka aiko masa da gobara a cikin filash.

Ban ce ka yi da gangan ba. Amma kai ka ɗaura, sai ka zo ka kwance kafin Litinin.

Innarka,
Rakiyya

Legas, 5 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka. Na ga takardar Inna, na koma na karanta naka duka tun daga ta farko. Kunya ta ishe ni. Allah ya jiƙan Kawu Dogo, ya sa aljanna ce makomarsa.

Laifina biyu ne, bari in faɗe su.

Na farko, ƙarin matsalolin nan ni na saita shi yadda kowace tafiya dole sai wani abu ya lalace. Haka muke yi idan muna son gwada kanmu, don in an bar shi yadda ya zo, sai ka yi wata da watanni ba ka ji ƙararrawa ba. Ban faɗa maka ba saboda na ɗauka wasa kake so mai zafi. Abin da ka gani ba gaskiyar jirgi ba ce, saitina ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, jirgin da na sa wa hannu bai taɓa dawowa da mataccen inji ba. Ba na ce ba ya faruwa a duniya ba, rai a hannun Allah yake. Amma ba haka sama take ba.

Na biyu ya fi girma. Duka manhajojin nan, a yadda suka zo, mutum ɗaya suke zaunarwa a ɗakin tuƙi, saboda mutum ɗaya ne a gaban kwamfuta. A nan dukansu suka yi maka ƙarya, har Ɗan Gaske. Jirgin da zai ɗauke ku ba ya tashi da matuƙi ɗaya. Biyu ne, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya yana tuƙi, ɗayan aikinsa ya sa masa ido. Yana karanto abubuwa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, dole na farkon ya amsa da bakinsa. Suna magana da mutanen ƙasa ta rediyo a kowane yanki suka shiga, ma'aikatan cikin jirgi ma suna tuntuɓarsu lokaci-lokaci. In ɗaya ya gaza, akwai sitiyari a gaban ɗayan.

A cikin filash ɗin nan, cikin abin da na kira tarkace, akwai ƙarin abokin tuƙi. Ban ambace shi ba don ni gundura ta yake yi, surutu ne da shi. Na turo wa Inna hotunan yadda za ka kashe matsalolin ka kunna shi, mataki biyar ne. Ka zaɓi Dutse zuwa Madina, ka bar su su yi tafiyar, kai ka zauna ka kalla.

Na ce maka a jirgi babu kujerar gaba. Na faɗi abin da ban auna ba. Akwai ta, Kawu, kuma ba a tashi sai da mutum a kanta.

Don Allah kada ka kai takardar nan sai ka gwada.

Ɗanka mai neman afuwa,
Abdulƙahhar

Gumel, 13 ga Afrilu

Ɗana Abdulƙahhar,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Na yafe maka. Ni ma da na yi tambayata a miƙe da ba a kai nan ba, amma tsoho da girman kai sai Allah.

Ranar Lahadi na kunna bayan na karya, na zauna da littafi da biro har la'asar, sallar azahar kawai ta tashe ni. Na ji su da kunnena. Wannan ya faɗa, wancan ya amsa, har inda hanya ta miƙe babu abin yi ba su bar juna ba. Washegari na karɓi kujerar matuƙi, da abokin ya karanto abu sai na yi shiru da gangan, kamar wanda barci ya sace. Ya maimaita. Na ƙi amsawa, ya sake maimaitawa. Bai ƙyale ni ba sai da na tanka. Wannan yaro ya iya aikinsa, goro kawai ya rasa.

Ga hukuncina na ƙarshe. Mai Kwalliya na Innarka ne, tana son kallon kukoki. Ɗan Gaske shi kaɗai rabin gaskiya ne, sai an haɗa shi da mai surutun nan yake cika. Ƙarin gobara kuwa ka riƙe abinka.

Ba zan ce maka tsoro ya tafi ba. Amma mun koma bita, takardar kuma Innarka ta hura gawayi da ita.

Kawunka,
Manu

Madina, 21 ga Mayu

Ɗana Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum daga birnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mun sauka lafiya shekaranjiya. Innarka tun da ta ga koriyar ƙubba take hawaye, ta ce in gaishe ka da kyau. Gwiwa tana ƙoƙari. Na yi wa Dogo addu'a a masallaci, na yi maka kai ma.

Filin Dutse yana nan kamar yadda ka zana, sai dai ka manta da masu sayar da ruwa a bakin ƙofa. Muka hau matakalar jirgi. Da na shiga na waiga hagu, ƙofar ɗakin tuƙi a buɗe take. Na ga kawunan matuƙa biyu. Na tsaya ina kallo har na bayana suka fara gunaguni. An hana mu tafiya da goro, don haka dabino uku na ciro na ba ma'aikaciyar jirgi, na ce ta kai wa na kujerar dama, ta ce masa wani tsohon abokin aikinsa ne ya aiko. Ta yi dariya ta karɓa.

Kujerarmu can baya take, kusa da wutsiya, ni ne a taga. Tashin ya fi na Ɗan Gaske ƙara, ƙasar kuma ta fi ta Mai Kwalliya kyau. Na ga gonaki an share ana jiran ruwa, itatuwan duk namu ne, babu mai tsini ko ɗaya. Aka kawo abinci muka ci, muka yi ta tafiya, hanya ta miƙe.

Na so in ba ka labarin Bahar Maliya. Shekara talatin da biyar ina zana ta a allo, na yi niyyar in gan ta da idona in rubuto maka launinta. Ban gan ta ba, ɗana. Barci nake yi. Innarka ta ce da muka zo kanta ta ɗaga hannu za ta tashe ni, sai ta tuna rabon da ta ga na runtsa a cikin abin hawa, ta mai da hannunta.

Kawunka,
Manu